Gurasar da Tanimu Ya Gatsa

A Atbara ta ƙasar Sudan hanya ta raba ni da Tanimu, kuma har yau in na tuna yadda aka yi rabon sai raina ya ɓaci. Tanimu ɗan gwaggona ne, taubashina, na girme shi da damina biyu. Tare muka fito daga Haɗeja da niyyar Makka, kuma ni aka damƙa wa amanarsa. Ni na goya shi a ƙasar Chadi lokacin da kurkunu ya fito masa a ƙafa, ni na koya masa yadda ake roƙon aiki da Larabci. Ku riƙe wannan a ranku, don kada can gaba ku ce haka kawai na tsangwami yaron.

Atbara garin jirgin ƙasa ne, ko'ina ƙarfe da hayaƙi. Muka sami aikin dako a tasha, muna sauke buhuna muna tara guzurin ƙetare teku. A farkon shekarun sittin ke nan, lokacin da Rasha da Amurka suka raba duniya biyu, kowacce tana zawarcin baƙar fata kamar dillalan gyaɗa ranar kasuwa. Amurka ta kawo motocin gyaran hanya da garin madara, Rasha ta kawo mujallu masu sheƙi da guraben karatu. Ma'aikatan tashar kuwa da yawansu zuciyarsu na wajen Rasha. Da la'asar sai su zauna a inuwar tarago suna zagin 'yan jari-hujja, mu muna gefe muna shanye musu shayi.

A cikinsu akwai wani makaniki, Usta Babikir. Shi ya ƙyalla ido ya ga Tanimu yana karanta lambobin da ke jikin taragu, don Tanimu ya yi elementare, ni kuwa allo kawai na yi. Tun daga ranar Usta ya ja shi a jiki. Wata rana sai ga Tanimu ya dawo masauki baki har kunne.

"Yaya Ilu, an sa sunana. Rasha za a kai ni karatu."

Ba ya ce min Yaya sai in yana son wani abu. Na ce masa can ba su san Allah ba, alade suke ci, sanyi kuma zai tsinke masa kunnuwa. Duk tsakani da Allah na faɗa. Amma da gari ya waye, ko kumallo ban karya ba na tafi wajen Usta Babikir na ce, "Ni fa?"

Ya kama hannuna ya juya, ya dubi kantar da ke tafina, ya ce, "Ya Ilyas, kai ne ma'aikaci na gaskiya. Irinku ne za su gaji duniya."

Na ce, "To a sa sunana mana."

Ya ce, "Sai wanda ya yi boko."

Wato duniya ni zan gada, amma jirgin sama Tanimu zai hau. Da fushin nan na nufi sansanin Amurkawa da ke shimfiɗa kwalta a bayan Hartum, na ce tunda waɗancan sun ƙi ni, bari in ga ko abokan gabarsu za su so ni. Suka so ni kuwa, suka ba ni shebur. Na yi rani guda ina kwasar tsakuwa, sannan na kama hanyar teku ni kaɗai.

A Sawakin muka taru, mu marasa takardu, muka shiga hannun wani mai jirgin filafilai da ya rantse da Alƙur'ani cewa a bakin Jidda zai sauke mu. Da hantsi ya tura mu cikin ruwa iya ƙirji a wani gaɓa da ko tsuntsu babu, ya nuna da yatsa ya ce Jidda na bayan wancan tudun. Bayan tudun, wani tudun ne. A nan wani tsoho ɗan Damagaram ya cika, muka tona masa rairayi da hannuwanmu. Ƙishirwa ta sa harshena ya kumbura, amma in gaya muku gaskiya ba mutuwa nake tunani ba, ba kuma mahaifiyata ba. Tanimu nake gani zaune a kujera mai laushi, wata Baturiya tana miƙo masa shayi. Wani direba ɗan Yaman da ya ɗauko gawayi shi Allah ya turo. Ya kwance salkarsa ya ba mu muka sha, ya raba mana dabino, ya ɗora mu a kan buhunan. Ko sunansa bai faɗa mana ba. Muka shiga Jidda baƙi ƙirin, idanu kawai ke haske.

Na yi hajjina a shekarar, alhamdu lillahi. Bayan alhazai sun watse, guzuri ya ƙare, na bi sahun Takaru irina, wato mutanen ƙasashenmu da suka maƙale a Makka. Wadda ta tsamo ni ita ce Hajja Kande, mai tuyar waina a unguwar Hindawiyya. Iyayenta Katsinawa ne amma a Makka aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce. Ta gan ni ina zagaya kaskonta ba na saye, ta naɗe min waina a takarda ta ce, "Ya waladi, zauna ka ci. Akwai wani Buhari a Misfala yana neman mai shugul a gidan gurasarsa. Mutum ne tayyib, bas ba ya dariya. Kuma abu ɗaya, kada ka kuskura ka ambaci Rasha a gabansa, wallahi ranar za ka bar masa shagonsa."

Buharawa su ne mutanen Turkistan da suka gudo lokacin da gwamnatin kwaminis ta Rasha ta ƙwace gonaki ta rufe masallatai a ƙasarsu. Sun cika lungunan Misfala, su ne masu gasa tamis, wata faffaɗar gurasa da mutanen Makka ke karyawa da ita da dafaffen wake. Mai gidana sunansa Ammi Tursun. Gajere ne kakkaura, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Ya bar garinsu Namangan yana saurayi, ya bi ta duwatsun Afganistan a ƙafa, ya faɗa Hindu, daga can ya shigo jirgin alhazai. 'Ya'yansa mata sun yi aure, ɗansa namiji ƙwaya ɗaya ya rasu yana ƙarami. Daga shi sai matarsa da muke kira Hala, wadda muryarta kawai na sani daga bayan labule.

Ni ke ɗauko itace, ni ke sauke buhunan fulawa, ni ke kwaɓi har kafaɗuna su mutu, ni ke cura, ni ke miƙa wa masu saye. Abu ɗaya ne ba na taɓawa, tanderu. Akwai wani ɗan matashi zagayayye da ake shimfiɗa curin a kai, a sunkuya cikin zafin a manna shi a bango. Wannan matashin Ammi ba ya bari kowa ya ɗauka. In ya tafi salla sai ya rataye shi a ƙusa can sama, aiki ya tsaya har ya dawo. Shekara da shekaru ina kallon matashin nan. Na san duk ranar da ya miƙo min shi na zama ɗan gida, tanderun nan wata rana nawa ne. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, inuwar Ammi ce iƙamata, don mai unguwa ma da "na Tursun" ya san ni. In ya kore ni, ba inda zan sa kaina.

Fulawarmu daga Amurka take zuwa. Ammi yakan damƙa ya shinshina ya ce ba ta da ƙamshi ko kaɗan, alkamar garinsu tun daga ƙofar gari ake jin ta. Sai kuma ya ce, "Amma babu jinin ubana a cikinta." Iyakar siyasarsa ke nan, kuma ta ishe shi.

Tawa siyasar daban ce. A gidan gahawa kullum musu ake yi. Rasha ta harba mutum sama ya dawo da rai, Amurka ta ce ita wata za ta je. Ana yaƙi a Yaman, kowa ya san inda makaman kowane ɓangare ke fitowa. Kalmar shuyu'i, wato ɗan kwaminis, ta zama abin da in aka liƙa wa mutum sai dai a daina ganinsa a unguwa. Ni kuwa duk lokacin da aka ce Rasha ta yi wata bajinta, sai in ji kamar Tanimu ne ya yi ta don ya ƙuntata min. Na zama ɗan Amurka ba tare da Amurka ta sani ba. Har faɗa na taɓa yi da wani Bamisire a kan wa zai riga zuwa wata, alhali ni ko Ɗa'ifa ban taɓa zuwa ba.

Kullum bayan la'asar, in an kashe wuta, Ammi yakan shimfiɗa tabarma a bayan shago mu sha koren shayi a 'yan ƙoƙunan tangaran marasa hannu. Ƙarami ke zubawa, wato ni. Kamar yadda aka rene mu, in za ka ba babba abu ka cika masa. Nakan cika ƙoƙon fal har yana tumbatsa in miƙa masa da hannu biyu. Yakan dubi ƙoƙon, ya dube ni, sannan ya karɓa. Na ɗauka haka fuskarsa take.

Ana saura kaɗan hajjin wata shekara, ina tsaye ina miƙa tamis, sai na ji an ce, "Mai gurasa, a ba ni ta kyauta, ni taubashin gida ne."

Na ɗaga kai. Tanimu ne. Ya yi ƙiba, fatarsa ta yi sumul, ga agogo a hannu, ga tabarau. Hajja Kande ce ta yi masa kwatance. Na rungume shi, na yi kuka, kukan kuma na gaske ne. Amma ina kukan ina jin laushin rigarsa a kumatuna, ina tuna tawa da aka ɗinka da buhun fulawa.

A ɗakina ya ba ni labari da murya ƙasa-ƙasa. Ba ma a Masko yake ba, a wani gari ne Tashkent, yana karatun injiniyan ban-ruwa. Hutu ya samu ya zo Sudan, ya nemi takardar alhazai irin ta Takarun can, ya ɓoye fasfonsa a gidan Usta Babikir. In aka sani a can, an kore shi daga makaranta. In aka sani a nan, sai abin da Allah ya yi.

Na ce, "Duk faɗin Makka ka rasa inda za ka sauka sai gidan mutumin da mutanenka suka kashe wa uba?"

Ya ce, "Su waye mutanena? Ni ɗan gwaggonka ne."

Na ce, "To ka ji. A gaban Ammi kai ɗan tsinkar auduga ne daga Gezira ta Sudan. Ka cire agogon nan, ka cire gilashin nan, kuma ka rufe bakinka."

Ya cire, amma ba a cire ƙiba. Washegari a gidan gahawa wani mutum da duk unguwa ta san kunnen wasu ne ya matso kusa da ni ya ce, "Baƙonka daga ina? Fatarsa ba ta mai tsinkar auduga ba ce." Na ce masa a gidan wani Bagirke ya yi kuku, shi ya sa. Kada a yaba min. Wuyana na ceta, don in aka ja Tanimu, igiyar da ni za ta haɗa.

Da la'asar Ammi ya ce a kira baƙo a sha shayi. Muka zauna, Hala ta turo tire daga bayan labule. Na kai hannu ga buta, Ammi ya ce, "Bar shi. Shi ne ƙarami."

Tanimu ya ɗauki butar. Ya zuba shayi a ƙoƙo, ya buɗe murfi ya mayar cikin butar. Ya sake zubawa ya mayar. Ya yi na uku. Hannunsa ne kawai ke yi, hankalinsa na kan hirar da muke yi ta tsadar itace. Sannan ya ɗan tsiyaya kaɗan, abin da bai fi kurɓi uku ba a gindin ƙoƙon, ya dafa ƙirjinsa da hannun hagu, ya miƙa wa Ammi da dama. Akwai wata tamis da na ajiye a kife a kan tire, ya sa hannu ya juya ta fuskarta sama.

Kunya ta kama ni. Na ce da Hausa, "Kai, wace irin rowa ce wannan? Cika wa dattijo mana."

Ammi bai karɓi ƙoƙon ba. Ya zuba wa Tanimu ido. Can sai ya yi magana a hankali, da wani harshe da ban taɓa jin ya yi da kowa ba sai Hala. Na ga Tanimu ya daskare. Ya dube ni, ya dubi ƙofa. Sannan ya sunkuyar da kai ya amsa da harshen nan.

Tsoro ya kama ni. Na ce shi ke nan, yau na bar Misfala, shekaruna na kwaɓi sun tafi a banza. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan daɗi da ya motsa, don na ce yau dai zan ga an kori ɗan Rasha da takalmi, ko da tare za a kore mu.

Ba a kori kowa ba. Ammi ya karɓi ƙoƙon, ya shanye, ya miƙa, Tanimu ya sake tsiyaya kaɗan. Labule ya motsa, na ji Hala tana shessheka. Suka yi ta magana, ni ina zaune kamar buhun fulawa, har aka kira magariba.

A hanyar Harami na ce, "Me ya ce maka?"

"Cewa ya yi, wa ya koya min zuba shayi. Na ce tsohuwar da nake haya a gidanta."

"Sai kuma me?"

"Ya tambaye ni ko na san Namangan. Na ce an taɓa kai mu tsinkar auduga kusa da can. Ya tambayi masallacin unguwarsu, na ce wanda na gani an mai da shi ɗakin ajiyar auduga, amma tsofaffi suna salla a gida. Ya tambayi wani rafi, na ce yana nan. Ya ce itatuwan rumman fa, na ce suna nan, na ma ci."

Na ce, "Shi kuma shayin, me ya sa ba ka cika ba?"

Ya yi dariya ya ce, "A wajensu kaɗan ake zuba wa wanda ake girmamawa, don ya yi ta miƙowa kana yi masa hidima. In ka cika wa mutum fal, ka ce masa ya sha ya tashi ke nan, ka gaji da shi."

Na tsaya cak a tsakiyar titi. Wato duk shekarun nan, kowace la'asar ta Allah, da hannu biyu nake korar mai gidana daga tabarmarsa, shi kuma bai taɓa ganin na kai ya gyara min ba. Tanimu ya yi ta ƙyaƙyata dariya har da dafa bango, irin ta taubashi. Ni ban ga abin dariya ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi ɗaci da na yi a Makka, har da na rairayin bakin teku. Mutumin da aka ce min ba ya dariya, sai ga haƙoransa a waje. Aka shigar da Tanimu cikin gida, ɗakin da ni iyakata bakin ƙofarsa. Hala ta dafa masa shinkafarsu mai karas da naman rago, ni aka miƙo min tawa a kwano ta bayan labule kamar yadda aka saba. Ammi ya daina kiransa da sunansa, sai wata kalma da Tanimu ya ce min ma'anarta "ɗana." Ni kuwa har ranar "ya Takruni" nake, wato kai ɗan Takaru, in an ji daɗina a ce "ya Ilyas."

Na kasa haƙuri na tari Ammi a bakin tanderu. Na ce, "Ammi, ka san fa kuɗin shuyu'i ke ciyar da shi. Su suka ba shi rigar da ke jikinsa."

Bai ko waiwayo ba ya ce, "Na sani. Amma ya sha ruwan rafinmu."

Rasha ta ɗauke shi ta bar ni, na haƙura na zo na sami mutum ɗaya a duniya da na tabbata Tanimu ba zai taɓa burge shi ba. Shi ma ga shi ya zo ya ƙwace, da buta ɗaya ta shayi.

Muka hau Arfa tare, muka sauko. Ranar da zai koma Jidda, bayan an gama cinikin safe, Ammi ya gasa wata gurasa daban, ƙarama mai kauri, ya yi mata ado da tsinin cokali. Ya kira mu cikin shago ya tura ƙofa. Wannan karon da Larabci ya yi magana, don in ji.

Ya ce, "A garinmu in ɗa zai yi tafiya mai nisa, ana ba shi gurasa ya gatsa sau ɗaya. Sai a rataye sauran a bango. Rabonsa ne yake jiransa, dole ya dawo ya ƙarasa." Ya miƙa wa Tanimu. "Ina da ƙanwa, Mehri. Ka je Namangan ka nemi unguwar maƙera. In tana raye ka ce mata Tursun yana kusa da Ɗakin Allah, yana yi mata ɗawafi. In tawa gurasar tana bango har yanzu, ka ce kada ta sauke. Sai ka dawo ka gaya min."

Na san abin da wannan aike zai iya jawo wa Tanimu a can, ɗalibi baƙo yana yawon neman dangin wanda ya gudu. Na so ya yi 'yar inda-inda, ko don in sami abin riƙewa. Bai yi ba. Ya ce to, ya gatsa. Har jarumtar ma sai da na yi ƙyashinta.

Ammi ya zura zare a gurasar ya rataye ta a ƙusa, daidai kusa da matashin tanderu. Ka ga ke nan abubuwa biyu da nake kallo kullum sun haɗu a bango ɗaya. In ina kwaɓi na ɗaga kai, ga shatar haƙoran Tanimu tana kallona, har da giɓin da ya samu tun muna yara da ya faɗo daga kan tsamiya.

Hajji ya zagayo, Tanimu bai zo ba. Wani ya zagayo. A kowace shekara akan bar 'yan tsirarun alhazai su zo daga Rasha, da masu tsaronsu a gefe. Ammi yakan je ya tsaya nesa a Harami yana kallon hulunansu, ba ya iya matsawa, su ma ba sa iya kallonsa. Sai ya dawo bakin tanderunsa. Na koyi zuba shayi kaɗan, na koyi mayarwa sau uku, yakan karɓa ya gyaɗa kai, shi ke nan. Daga baya wani alhaji ɗan Haɗeja ya ce min Tanimu ya koma gida, an ɗan ja masa rai saboda takardarsa ta Rasha ce, amma yanzu babba ne a aikin madatsar ruwa, har da mota da direba. Ko ya je Namangan, ko bai je ba, babu wanda ya sani. Na gaya wa Ammi rabin labarin, ban da motar.

Shekarar da Amurkawa suka taka wata, na ci musuna a gidan gahawa, kuma ban ji daɗin komai ba. Na dubi kaina, na kusa arba'in, ba mata, ba tanderu, ina kwaɓa wa mutumin da zuciyarsa ke rataye a ƙusa. Ƙanin Hajja Kande yana haɗa ayarin masu komawa gida ta jirgin ruwa, na ce a sa da ni. Na gaya wa Ammi. Ya ce, "Tayyib," ya ci gaba da aikinsa.

Na zuba ido in ga ko za a gasa 'yar gurasa mai ado. Ba a gasa ba. Safiyar da motar Jidda za ta tashi na zo da ƙunshin kayana, na tarar layin masu saye ya kai bakin lungu, Ammi yana sunkuyawa cikin tanderu yana tashi da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu. Na yi masa sallama. Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na juya, na yi taku kaɗan, sai zuciya ta ciyo ni. Na dawo, a gaban mutane na ce,

"Ammi, wanda ya yi maka kwanaki ka ba shi ya gatsa. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a gidan nan, ko ɓawon gurasa ban kai a ba ni ba?"

Ya miƙe a hankali. Ya dubi bango, ya dube ni. Idanunsa sun yi ja, ban sani ba ko hayaƙi ne.

Ya ce, "Uwata ta ba ni na gatsa, ban koma ba. Na ba ɗan'uwanka ya gatsa, bai dawo ba. Kai ba zan ba ka ba."

Sai ya shimfiɗa curi a kan matashin, ya kamo hannuna na dama ya cusa a maɗaurinsa, ya matsa gefe.

"Sunkuya sosai. Kada ka ji tsoron wutar, in ka ji tsoro faɗuwa za ta yi."

Ta farko ta faɗa cikin garwashi ta ƙone. Wani Bahadrame ɗan Yaman a layi ya fara mita, Ammi ya ce masa in yana sauri ya je wani wuri, ɗansa ne ke koyo. Ta biyu ta kama bango. Ban san lokacin da motar Jidda ta tashi ba, ƙunshina dai yana nan a gindin buhuna har la'asar, sai Hala ce ta ɗaga labule ta ce in shigo da shi ciki.

Ammi ya rasu a hannuna, yana kwance a maƙabartar Makka, bai taɓa jin ko Mehri ta sami saƙonsa ba. Tanderun yana hannun 'ya'yana yanzu. Gurasar Tanimu kuwa tana nan a ƙusarta, ta bushe ta yi baƙi. Jikokina sun sha tambayata me ya sa ba na yar da ita, tunda duk lokacin da na kalle ta sai na yi tsaki. Nakan ce musu ba ni na rataye ta ba. In mai giɓin yana da kunya, ya zo ya ƙarasa abinsa ya gaya mana abin da ya gani a Namangan. Ni zan zuba masa shayi, kuma har yau ban yanke ko cika masa zan yi ba.